Jingina ko Sayarwa? Mamayar Jam'iyya Ɗaya da Cinikin 'Yanci da Tsaro a El Salvador, 2019-2025

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda jam'iyyar Nuevas Ideas ta Shugaba Nayib Bukele ta mamaye siyasar El Salvador cikin shekara shida, da yardar masu ƙuri'a, a daidai lokacin da gwamnati ta karya lagon gungun 'yan daban da suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. An bi al'amuran ne bisa jerin faruwarsu, domin a ga wanne ya riga wanne, tsaro ko tattare iko. Abin da ya fito fili shi ne talakan ƙasar yana da hujja mai ƙarfi a kan zaɓin da ya yi. Sai dai kaso mai yawa na 'yancin da ya suɓuce masa ba shi ya sayo masa tsaron ba, domin an ci gaba da karɓa tun bayan da kashe-kashen suka lafa.

Gabatarwa

Ranar 4 ga Fabrairu, 2024, mutanen El Salvador suka fita zaɓe. Nayib Bukele ya samu kusan kashi 85 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, jam'iyyarsa kuma ta kwashe kujeru 54 daga cikin 60 na majalisar dokoki. Jam'iyyar FMLN, wadda ta yi shekara 10 tana mulki kafin zuwansa, ko kujera ɗaya ba ta tsira da ita ba. A daren nan Bukele ya fito gaban magoya bayansa a San Salvador yana alfahari cewa wannan ne karo na farko da aka samu jam'iyya ɗaya tilo a ƙasa mai cikakkiyar dimokuraɗiyya. Masu sa ido na ƙasashen waje sun yi ƙorafi a kan tangarɗar na'urorin tattara sakamako da kuma fifikon da jam'iyya mai ci ta samu wajen kamfe, amma babu wanda ya yi shakkar wanda ya ci.

Wannan shi ya sa batun ya cancanci a zauna a kansa. Mun saba da jam'iyyar da ke dawwama ta hanyar sace akwati da sayen ƙuri'a da murɗe sakamako, kuma bayanin irin wannan ba ya wahala. Abin da ke ɗaure kai shi ne jama'ar da suka ga an tuɓe alƙalai, an dakatar da haƙƙoƙinsu, an kama 'ya'yan maƙwabta ba tare da shari'a ba, kuma suka yi layi da ƙafarsu suka ce a ci gaba.

Masanin siyasa ɗan Italiya, Giovanni Sartori, a littafinsa na 1976 kan tsarin jam'iyyu, ya bambanta jam'iyya mai rinjaye da jam'iyya mai kane-kane. Ta farko tana cin zaɓe a kai a kai, amma tana iya faɗuwa, in ta faɗi kuma ta sauka. Haka LDP ta Japan, wadda ke jan ragama tun 1955, ta rasa mulki a 1993 da 2009. Haka BDP ta Botswana ta miƙa mulki a 2024 bayan shekara 58. Ta biyu kuwa tana barin wasu jam'iyyu su yi rai, su tsaya takara, amma an tsara fagen yadda ba za su taɓa karɓar mulki ba. Babban misalinta PRI ce ta Meziko, wadda ta riƙe ƙasar daga 1929 zuwa 2000. Tambayar maƙalar nan ita ce: a wane ɓangare Nuevas Ideas take, kuma yaushe ta tsallaka?

Abin da talaka ya gani kafin 2019

Duk wanda zai yi wa masu ƙuri'ar El Salvador hukunci, ya kamata ya fara sanin abin da suka fito daga cikinsa. Ƙasar ƙarama ce, faɗinta bai fi na Jihar Kano da yawa ba, mutanenta kimanin miliyan shida. Ta yi yaƙin basasa na shekara 12 da ya ci rayuka kimanin 75,000, aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar Chapultepec a Janairun 1992. A lokacin yaƙin dubban iyalai sun gudu Amurka, kuma a unguwannin Los Angeles ne gungun MS-13 da Barrio 18 suka yi ƙarfi. Da Amurka ta tsananta dokar korar baƙi a 1996, sai ta riƙa cika jirage da waɗannan samari tana mayar da su ƙasar da ba ta gama farfaɗowa ba, ga makamai birjik, ga rashin aikin yi.

A 2015 an kashe mutum fiye da 6,600, wato kimanin 18 a kowace rana, fiye da 100 cikin kowane mutum 100,000. Babu ƙasar da ba ta cikin yaƙi da ta kai ta a shekarar. Amma alƙaluman kisa ba sa nuna yadda zaman yake. A unguwanni irin su La Campanera da ke Soyapango, mai mota in zai shiga da dare sai ya kashe fitila ya sauke gilashi, domin yaran da ke gadin mashiga su ga fuskarsa. Saurayi in ya sauka daga bas a unguwar da ba tasa ba, sai a tsare shi a ce ya fito da katin shaida. In adireshin da ke jiki na yankin abokan gaba ne, yana iya zama ƙarshensa. Mai shago, mai tuyar masara a bakin titi, direban bas, mai kai lemo da burodi, kowa yana biyan abin da suke kira renta, harajin mako ko na wata. A bango an rubuta doka da fenti cikin Sifaniyanci: ka gani, ka ji, ka yi shiru. A Yunin 2010 'yan Barrio 18 suka cinna wa wata bas wuta da fasinjoji a ciki a Mejicanos, mutum 17 suka mutu. A Yulin 2015 suka tilasta wa motocin haya yajin aiki, suna harbe direbobin da suka fito.

To mutumin da ke wannan hali, wane 'yancin walwala ko na faɗin albarkacin baki yake da shi da za a ce ya sayar? A takarda yana da su duka. A ƙofar gidansa kuwa akwai wata hukuma da ba ta san lauya ba, ba ta san ɗaukaka ƙara ba.

Su kuma jam'iyyun biyu da suka yi shekara 30 suna karɓa-karɓa, ARENA daga 1989 zuwa 2009, FMLN daga 2009 zuwa 2019, sun gwada ƙarfi sun gwada sulhu. An yi shirin "hannun ƙarfe" a 2003, an yi wanda ya fi shi tsanani a 2004, an yi sulhu da 'yan daba a 2012 wanda ya rage kisa na ɗan lokaci kafin ya wargaje. Sannan ga sata. Tsohon shugaban ƙasa Francisco Flores ya mutu a 2016 yana jiran shari'a. An yanke wa Antonio Saca shekara 10 a 2018 kan kuɗin da suka haura dala miliyan 300. Mauricio Funes da Salvador Sánchez Cerén duk sun tsere Nikaraguwa. Shugabanni huɗu a jere ke nan. A idon talaka, abin da ake kira tsarin jam'iyyu da yawa shi ne wannan.

Wanne ya riga wanne

Bukele ya fito ne daga cikin FMLN. A ƙarƙashinta ya zama magajin garin San Salvador a 2015, ta kore shi a 2017, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2019 da kashi 53 cikin 100 a inuwar wata ƙaramar jam'iyya mai suna GANA, saboda tasa ba ta samu rajista a kan lokaci ba. Ya hau mulki yana da shekara 37, ba shi da rinjaye a majalisa.

Daga nan sai a lura da kwanan wata, domin hujjar maƙalar nan a kansu ta tsaya.

Ranar 9 ga Fabrairu, 2020, ya shiga zauren majalisa da sojoji ɗauke da bindigogi, ya zauna a kujerar shugaban majalisa, yana neman a amince masa da rancen dala miliyan 109 na kayan tsaro. A Fabrairun 2021 Nuevas Ideas ta ci kujeru 56 daga cikin 84. Ranar 1 ga Mayu, 2021, a zamanta na farko, sabuwar majalisar ta tuɓe alƙalai biyar na sashen kundin tsarin mulki a Kotun Ƙoli, ta haɗa da babban lauyan gwamnati Raúl Melara, ta naɗa wasu a daren. A ƙarshen Agusta aka yi dokar da ta yi wa duk alƙalin da ya haura shekara 60 ko ya yi shekara 30 yana aiki ritaya, abin da ya shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na alƙalan ƙasar. A Satumba sababbin alƙalan suka yanke hukunci cewa shugaba mai ci yana iya yin tazarce.

Wannan hukuncin ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin, kundin 1983 ya hana tazarce a sassa da dama. Sashe na 154 ya ce wa'adi shekara biyar ne, ba za a ƙara ko da yini ɗaya ba. Sashe na 88 ya ce karya ƙa'idar karɓa-karɓar shugabanci yana wajabta bore. Waɗanda suka rubuta haka suna tuna Janar Maximiliano Hernández Martínez, wanda ya mulki ƙasar daga 1931 zuwa 1944 yana sabunta wa kansa wa'adi.

Duk wannan ya faru kafin a fara yaƙi da 'yan daba. Kisan kai ya riga ya ragu, daga fiye da 3,300 a 2018 zuwa 1,147 a 2021, kuma akwai gardama a kan dalili. Gwamnati ta ce shirinta na tsaro ne. Jaridar El Faro ta wallafa takardun gidajen yari a Satumbar 2020 da ke nuna jami'an gwamnati suna ganawa da shugabannin MS-13. A Disambar 2021 Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta ƙaƙaba wa jami'ai biyu takunkumi, Osiris Luna da Carlos Marroquín, tana zarginsu da ba wa 'yan daba kuɗi da sassauci a kurkuku domin su rage kisa su kuma goyi bayan Nuevas Ideas a zaɓe. Bukele ya musanta.

Ko mene ne gaskiyar, abin ya tsinke a ƙarshen Maris 2022. Cikin kwana uku aka kashe mutum 87, 62 daga ciki a ranar Asabar 26 ga wata kaɗai. Washegari majalisa ta kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 30. Dokar ta dakatar da haƙƙin a gaya wa mutum dalilin kama shi, da haƙƙin ganin lauya nan take, ta tsawaita tsarewa kafin kai wa kotu daga awa 72 zuwa kwana 15, ta ba da damar sauraren wayoyin mutane ba tare da izinin alƙali ba. An sabunta wannan doka ta kwana 30 fiye da sau 40. An kama mutum fiye da 85,000. An gina katafaren kurkukun CECOT a Tecoluca, aka buɗe shi a Janairun 2023, mai ɗaukar mutum 40,000 bisa faɗar gwamnati.

Kuma ya yi aiki. Dole a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba, domin wasu masu sukar Bukele suna jin nauyin faɗa. Alƙaluman hukuma sun nuna kisa 154 a 2023, da 114 a 2024. Gaskiya ne lissafin bai haɗa da waɗanda jami'an tsaro suka kashe a arangama ba, bai haɗa da gawarwakin da ake tonowa a ɓoyayyun kaburbura ba. Amma ko an ninka shi, tazarar da ke tsakaninsa da 6,600 ba ta gardama ba ce. El Faro ɗin nan da gwamnati ke ɗauka abokiyar gaba, ita da kanta ta aika 'yan jaridarta unguwanni, ta wallafa a Fabrairun 2023 cewa tsarin 'yan daban ya rushe. Yara sun koma filin ƙwallo, masu kai kaya suna shiga unguwannin da a da ba a shiga, iyalan da titi ɗaya ya raba shekara da shekaru sun ziyarci juna. Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma mutumin Soyapango ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin wannan magana.

Zan kuma yarda da wata hujja ta magoya bayan gwamnati: da ba a riga an mallake kotuna ba, kamen dubban mutane ba tare da shaida ba ba zai yiwu ba. Wato akwai ɓangaren 'yancin da tabbas shi ne kuɗin da aka biya aka karɓi tsaro.

Sauran fa? A Yunin 2023, bayan an gama da 'yan daba, majalisa ta rage kujerunta daga 84 zuwa 60, ta dunƙule ƙananan hukumomi daga 262 zuwa 44, ta sauya hanyar raba kujeru zuwa tsarin D'Hondt wanda ke fifita babbar jam'iyya. Sakamakon shi ne a 2024 Nuevas Ideas ta samu kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙuri'un majalisa, amma ta tashi da kashi 90 na kujeru. A Janairun 2025 aka kammala gyaran sashe na 248, yadda majalisa ɗaya za ta iya sauya kundin tsarin mulki ita kaɗai, alhali a da sai majalisu biyu a jere sun amince, da zaɓe a tsakani. A Mayu aka kama Ruth López, lauyar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Cristosal mai bin diddigin cin hanci, aka kuma yi dokar da ta ɗora harajin kashi 30 cikin 100 a kan kuɗin da ƙungiyoyi ke samu daga waje. A Yuni aka kama lauyan tsarin mulki Enrique Anaya. A Yuli Cristosal ta tattara ta bar ƙasar. Ranar 31 ga Yuli, 2025, da ƙuri'a 57 da 3, majalisa ta cire iyakar tazarce gaba ɗaya, ta mayar da wa'adi shekara shida, ta soke zagaye na biyu na zaɓe.

Wanne daga cikin waɗannan ya kama ɗan daba ko ɗaya? A nan ne, a ganina, jam'iyya mai rinjaye ta rikiɗe ta zama mai kane-kane, kuma an yi rikiɗar ne a lokacin da ƙasar ta fi kowane lokaci kwanciyar hankali.

Wanda ya biya, da abin da aka yi da ƙuri'ar

Maganar "jama'a sun zaɓi tsaro" tana ɓoye cewa mai cin riba da mai biya ba koyaushe mutum ɗaya ba ne. Kamen ya fi faɗawa kan samarin unguwannin talakawa, waɗanda su ne dama 'yan daba suka fi gallaza wa. An kama wasu saboda zane a jiki, wasu saboda kiran wayar da wani ya yi ba tare da faɗin sunansa ba. 'Yan sanda da kansu sun ba da labarin adadin kamen da ake ɗora musu a kowace rana. A tsibirin Espíritu Santo, inda mutane ke rayuwa da kwakwa da tuƙin kwalekwale kuma mazauna suka ce ba su da 'yan daba, an kwashi mutum fiye da 20. A ƙofar kurkukun Mariona an ga mata suna kwana a kan kwali suna neman sunan ɗa ko miji a jerin da ake liƙawa, sannan su sayi ƙunshin sabulu da abinci da fararen gajerun wanduna da za a kai masa ciki. Bukele da bakinsa ya ce a Nuwambar 2024 an saki mutum 8,000 da ba su da laifi. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun tattara sunayen ɗaruruwan da suka mutu a tsare. Dokar 2023 ta ba da damar gurfanar da mutum har 900 a shari'a ɗaya. A yau babu ƙasar da ta kai El Salvador yawan fursunoni in aka gwada da yawan jama'a.

Sannan ƙuri'ar da aka bayar don tsaro ba ta tsaya a tsaro ba. A 2021 aka mayar da Bitcoin halastaccen kuɗi duk da ƙin akasarin jama'a, sai a 2025 aka ja da baya saboda sharaɗin rancen dala biliyan 1.4 na Asusun Lamuni na Duniya. A Disambar 2024 aka soke haramcin haƙar ma'adinai na 2017, wanda Cocin Katolika da manoma suka yi shekaru suna fafutukar samu, duk da binciken jin ra'ayi na jami'ar UCA ya nuna akasarin mutane ba sa so. Cibiyar binciken jami'ar ta kuma gano fiye da rabin waɗanda ta tambaya suna ganin mai sukar gwamnati yana iya shiga matsala. Wannan ya kamata ya sa masu nazari su yi taka-tsantsan da alƙaluman farin jini, ba tare da sun ƙaryata su ba. Ga kuma wata alama: a zaɓen ƙananan hukumomi na Maris 2024, inda sunan Bukele ba ya kan takarda, mutane ƙalilan suka fito, Nuevas Ideas kuma ta ci 28 daga cikin 44. Soyayyar ta mutum ɗaya ce, jam'iyyar tana cin albarkacinsa.

Manomin da ya jinginar da gonarsa a shekarar yunwa bai yi wauta ba, domin ya san ranar da ya samu zai fanshe ta. Ina ganin haka akasarin masu ƙuri'ar El Salvador suka ɗauki abin: a ba shi dama, in ya ɓata mu cire shi. Amma kotun da za ta ce wa'adi ya cika, da majalisar da za ta ƙi sabunta doka, da jaridar da za ta tona, su ne hanyar fansar, kuma su aka fara rufewa.

Mu da ke zaune a nan ba baƙi ba ne ga wannan ƙishirwa. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka ko girbi sun san ma'anar renta ko ba su taɓa jin kalmar ba. A Nijar, taɓarɓarewar tsaro ita ce hujjar da sojoji suka bayar ranar 26 ga Yuli, 2023, kuma a Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa. Don haka ba abin mamaki ba ne in aka ji matashi ya ga hoton fursunonin CECOT a wayarsa ya ce ina ma a samu irin wannan shugaba. Sai a tuna masa cewa Honduras ta kafa tata dokar ta-ɓaci a Disambar 2022, Ekwado ta shelanta yaƙi da gungun masu laifi a Janairun 2024, kuma babu wadda ta samu sakamakon El Salvador. Ƙaramar ƙasa ce, 'yan dabanta na cikin unguwanni, da yawansu da tambari a jiki da suna a rajistar 'yan sanda. Dajin Rugu ba haka yake ba. Dakatar da haƙƙoƙi kowace gwamnati tana iya kwaikwaya cikin dare ɗaya; kawo tsaron shi ne ba a da tabbas.

Kira na ga 'yan'uwa masu nazarin siyasa shi ne mu daina haɗa tambayoyi biyu a wuri ɗaya, ko a rubuce-rubucenmu ko a takardun jin ra'ayin da muke rabawa. A tambayi mutum ko ya yarda a tsananta wa masu laifi, sannan a tambaye shi daban ko ya yarda a cire iyakar wa'adi, a rage kujerun adawa, a kama lauyoyi. Mutanen El Salvador ba a taɓa yi musu tambaya ta biyu a ƙuri'ar raba gardama ba. Gyaran Yulin 2025 ya dawo da zaɓen shugaban ƙasa daga 2029 zuwa 2027, kuma ya cire iyakar da za ta hana Bukele tsayawa a wannan zaɓe ko a waɗanda za su biyo baya.